Ranar da Torlaug Ta Kira Shanu a Birnin Rum

Labarin da ya riga jirginsu isowa kwarinmu shi ne wai 'yan sandan Rum sun kama Torlaug, 'yar gwaggona, saboda ta fasa tagogin coci da muryarta. Wai ihu ɗaya ta yi, gilasai suka zube, tattabarun birnin suka riƙa faɗowa kamar ƙanƙara, wani gunki da ya yi shekara dubu a tsaye ya yar da mashinsa ya toshe kunnuwa. A gidan man Oddvar har an ƙara da cewa sojojin Italiya sun roƙe ta ta zauna ta riƙa yi musu jiniya, ga gida kyauta, ita ce ta ce ba za ta iya cin taliya safe da yamma ba.

Duk ƙarya ce. Babu tagar da ta fashe. Tattabaru sun tashi, wannan gaskiya ne, amma kowace ta koma gidanta lafiya. Asarar da aka yi a duk faɗin birnin ita ce askirim ɗin wani mutum mai ƙaton tumbi, wanda ya suɓuce masa ya faɗa kan takalminsa. 'Yan sanda kuwa sun zo, sai dai ba ankwa suka kawo ba, hanya suka buɗe mata.

Wanda bai san Torlaug ba zai ce to mene ne abin labari don tsohuwa ta yi ihu. Mu mutanen Kvitdal, can cikin duwatsun Norway, dama masu tsimin magana ne, amma ita ko a cikinmu ta yi fice. Idan ka gaishe ta ta ɗaga haɓa, to kun yi hira ke nan, sai kuma baɗi. Mijinta, marigayi Eilif, yakan ce ranar da ya nemi aurenta ta ce masa "To," shi kuma ya tsaya jiran sauran maganar, har ya tsufa bai ji ta ba. Ni da muka tashi gida ɗaya da ita, ina tsokanarta tun ba mu iya ɗaura igiyar takalmi ba, zan iya tattara duk abin da ta taɓa faɗa mini in zuba a cokalin shayi.

Amma ba haka take a kan dutse ba.

Tun tana ƙarama, da zarar ƙanƙara ta narke ciyawa ta fito, sai a kora shanun gidansu zuwa makiyaya ta sama, ita da kakarmu su tare a bukkar katako har sanyi ya dawo. Can babu shinge, babu mai bin saniya da sanda. Da safe a sake su su shiga daji, da yamma mace ta hau kan dutse ta kira su. Kiran ba shi da kalma ko ɗaya. Siririyar murya ce mai tsini, daga can ƙoƙon kai take fitowa, ta haye kwari ta bugi dutsen da ke tsallake ta dawo. Kowane gida da nasa, shanu kuma ba sa ruɗewa. Na kakarmu yana da kyau, amma na Torlaug, yarinyar da ba ta iya cewa a miƙo mata gishiri, shi ne wanda in ta sake shi kifi ke ɗago kai daga tafki ya ga ko shi ake nema.

A tsallaken kwarin akwai wata bukkar, a cikinta akwai wata yarinya sa'arta, Borghild. Tafiyar rabin yini ce tsakaninsu, don haka ƙawancensu da murya suka yi shi. Suna da kira biyu da suka zama nasu su kaɗai. Idan aka zo tatsar yamma Torlaug ta ga saniya ɗaya ba ta dawo ba, sai ta hau dutse ta aika kiran ɓata, mai hawa sama ya tsaya cak kamar tambaya. Idan saniyar ta bi garken su Borghild ne, sai amsa ta zo daga tsallake, mai gangarowa a hankali da 'yar lanƙwasa a ƙarshe. Ma'anarta, kwantar da hankalinki, tana wajena.

Haka suka yi 'yammatancinsu, haka suka yi aure, haka suka haifi 'ya'ya, kowace bazara suna sama. Da Eilif ya rasu, gwiwoyin Torlaug kuma suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai aka ce a sayar da shanun. Ranar da babbar mota ta zo ta kwashe su, tana tsaye a bakin garke hannu a aljihu. Sai da motar ta kama gangara, ban san abin da ya shiga kanta ba, ta buɗe baki ta kira. Shanun suka amsa daga cikin motar. Suna tafe suna amsawa, suna tafe suna amsawa, har motar ta sha kwanar gada. Torlaug ta shiga gida ta rufe ƙofa. Daga ranar ba wanda ya sake jin kiran nan. Ta kama aikin feraye dankali a kicin ɗin makaranta, ta yi ta yi har ta ajiye aiki. Masu shirya bikin gargajiya sun zo sun roƙe ta ta yi wa baƙi, ta dube su, suka tuna suna da wani uzuri.

To, sai shekaru suka fara yi wa Borghild sata. Yau ta sa tabarau a firji, gobe ta fita da takalmi ƙafa ɗaya. Daga baya ta koma kiran Torlaug da sunan Ragna, yayar ita Borghild ɗin da ta daɗe a ƙasa. Torlaug ba ta taɓa gyara mata ba. A ce Ragna, ta ɗaga haɓa.

Abu ɗaya ne Borghild ba ta manta ba. Tana da wani tsohon gwangwanin biskit da take ajiye zare da allura, a murfinsa akwai hoton wani tafkin birnin Rum, ruwa na kwararowa, ga dawakin dutse, ga wasu ƙarti da aka sassaƙa aka manta ba a yi musu wando ba. Tun tana amarya take cewa sai ta je ta gan shi. Wanda duk ya shiga gidanta sai ta nuna masa, in ya daɗe a zaune ta nuna masa sau uku.

Oddrun ce ta ce a tashi a tafi. Ita ce ta ukunsu, tsohuwar mai gyaran gashi, wadda Allah ya ba ta rabon maganar kwarin gaba ɗaya. Ta yanki tikiti, ta kama masauki, sannan ita da Torlaug suka je gaya wa Steinar, ɗan Borghild, suka same shi a ƙarƙashin tarakta.

Ya fito yana goge hannu. "Rum? Haba, Oddrun! Mama fa ba ta san yau Talata ba."

"Mu ma ba Talata za mu je gani ba," in ji Oddrun. "Ruwa za mu gani da maza marasa wando."

"Ba wasa nake yi ba. An ba ta ɗaki a gidan tsofaffi na cikin gari, ni nake ta jan ƙafa. Shekaranjiya a bakin kogi aka tsinto ta. A nan ke nan, inda kowa ya san ta. Can wa ya san ta?"

Oddrun ta buɗe baki za ta zuba, sai Torlaug ta riga ta.

"Ina tare da ita."

Steinar ya daina goge hannu. A kwarinmu idan Torlaug ta haɗa kalma huɗu, an san an yi babban taro.

"Shi ke nan," ya ce. "Amma ki ji da kyau. In ta ɓace muku ko da na shan kofi ɗaya ne, kuna dawowa zan kai ta gari. Ba zan sake jayayya da kowa ba."

Torlaug ta ɗaga haɓa.

Suka haɗa kaya irin na mutanen kirki. Rigunan ulu, domin ba a san abin da yamma za ta zo da shi ba. Ƙaton curin cukunmu mai launin ƙasa, domin ba a san abin da mutanen can suke ci ba. Filas na kofi. Wayar Borghild kuwa Torlaug ta karɓe ta ta sa a can ƙasan jakarta don kada ta ɓata. Ku riƙe wannan, wayar dai ba ta ɓata ba.

Da aka buɗe ƙofar jirgi a Rum, Oddrun ta rantse ta zaci injin ne ya kama wuta. Ashe garin ne haka. Kafin su kai masauki cukun ya zama kunu, rigunan ulun kuwa ko Borghild ba ta sake tambayarsu ba.

Zafin ma da sauƙi a kan layi. Mu a wajenmu idan ka tsaya a bayan mutum, kana barin fili tsakaninku wanda saniya za ta wuce ba ta taɓa kowa ba. Wannan shi ne ladabi. Mutanen Rum da baƙinsu kuwa in suka ga fili, sai su ɗauka Allah ne ya tanadar musu. Washegarin isarsu suka shiga wani shago shan kofi, suka tsaya a baya cikin natsuwa suna jiran a lura da su. Wani ya shigo ya yi ihu, aka ba shi. Wata ta shigo ta buga kanta, aka ba ta. Wani kare ma ya shigo aka ba shi ruwa. Su uku suna tsaye kamar itatuwan da gwamnati ta dasa. A ƙofar wani tsohon gini kuwa, Oddrun ta ce sun shiga layi suna kusa da ƙofa, da rana ta take suka duba suka ga sun koma bakin titi.

"Mu riƙa riƙe hannu," in ji Oddrun. "Kamar yaran makaranta."

"Ni ba yarinya ba ce," in ji Borghild, ta ɓata rai.

Torlaug ma ta goyi bayanta, da shiru. A wajenmu sau biyu ake riƙe hannun babban mutum, ranar aurensa da ranar da yake kan gadon mutuwa, kuma ko na auren ma akwai masu ganin an yi zaƙewa.

Duk da haka sun sha yawo. Borghild ta ci askirim kala-kala har harshenta ya rasa launin da zai tsaya a kai. Ta gaida wani gunki ta tambaye shi ko ɗan gidan su Oddvar ne, don hancin iri ɗaya. Ta yi dariyar da Torlaug ta daɗe ba ta ji ba. Kowace yamma Oddrun takan aika wa Steinar hoto, shi kuma ya amsa da babban yatsa ɗaya, wanda a jininsu wannan doguwar wasiƙa ce.

Tafkin gwangwanin suka bari sai ƙarshe. Suka isa rana na tsaka, suka tarar duk mutanen duniya sun riga su. Filin ɗan ƙarami ne, jama'a kuwa kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ɗaga waya sama, kowa na ƙoƙarin ya matsa gaba ya jefa kwabo a ruwa. Borghild ta hango kan dokin dutse ta saman kawuna, ta dafe ƙirji.

"Ragna, ga shi can! Ashe ya fi na gwangwani girma!"

Suka shiga sahu, Oddrun a gaba, Borghild a tsakiya, Torlaug a baya. Kuma Torlaug, 'yar halak, ta bar filin saniya tsakaninta da Borghild.

Sai ga wata mata ɗauke da laima ja a sama, bayanta ayarin 'yan yawon buɗe ido masu hula iri ɗaya. Suka ga fili. Suka kwararo ta ciki kamar an fasa madatsa. Torlaug ta ja baya don kada ta taka wani, ta sake ja don kada wani ya taka ta, tana jira su wuce. Ga alama ƙasarsu ce gaba ɗaya ta zo. Da na ƙarshensu ya wuce, ga Oddrun can tana neman kwabo a jaka, Borghild kuwa babu ita.

"Ina take?"

"Ba tana bayana ba? Ke ce mai gadi!" Oddrun ta zaro waya ta kira. Sai jakar Torlaug ta ɗauki kiɗa.

Suka dubi jakar, suka dubi juna.

Abin da Torlaug ta fara yi shi ne abin da kowane ɗan kwarinmu zai yi. Ta riƙa zagaya filin a gefe-gefe, tana kauce wa mutane, tana cewa "Borghild" da muryar da ake tambayar ko akwai sauran shayi. Ita kanta ba ta jin kanta. Oddrun ta kamo wani ɗan sanda mai farar hula, ta yi masa bayani da baki da hannu da ƙafa. Mutumin kirki ne, ya gane, ya tambayi kamanninta. Tsohuwa, farin gashi, hular rana. Ya juya ya dubi filin. Tsofaffi masu farin gashi da hular rana sun isa su kafa ƙasa su zaɓi shugaba. Ya yi magana a rediyonsa, ya nuna musu su tsaya wuri ɗaya.

Lunguna ne ke fita daga filin ta kowane ɓangare, kowane lungu kuma yana haifar wasu. Torlaug ta leƙa wannan, ta leƙa wancan, ta dawo. Duwatsun ƙasa suna ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Gorar ruwan Borghild tana jakar Torlaug. Maganinta yana jakar Torlaug. Katin da aka rubuta sunan masaukinsu yana jakar Torlaug. Duk abin da zai ceci Borghild an adana shi da kyau, ita kaɗai ce ba a adana ba. Torlaug ta tuna bakin kogi, ta tuna manyan titunan da suka tsallako da safe, inda babura ke wucewa kamar an kunna musu wuta a wutsiya.

Oddrun ta zauna a kan wani dutse, kwalliyarta ta narke ta gangaro.

"Sai mu kira Steinar," ta ce a hankali. "Uwarsa ce."

"Dakata."

"Mu dakata me, Torlaug? Ko sunanta ba lallai ta amsa ba. Ko ta ji ma, wa zai ji wani abu a cikin wannan kasuwa?"

Torlaug ta waiga. A kusurwar filin akwai wani coci mai 'yan matakala. Ta miƙa wa Oddrun jaka, ta cire hula ta ɗora mata a cinya, ta nufi wajen. Wannan karon ba ta kauce wa kowa ba. Wani saurayi mai ɗaukar kansa hoto ya tsinci kansa a wani wuri dabam bai san yadda aka yi ba. Ta hau matakalar da gwiwoyin nan nata masu ƙara, ta juyo ta fuskanci jama'a, ta raba ƙafa, ta kafa hannu a gefen baki.

Abin da ya fito da farko, Oddrun ta ce, kamar an taka agwagwa. Wasu 'yammata suka kwashe da dariya. Fuskar Torlaug ta yi ja har wuya. Mace ce da ta gwammace ta nutse a kogi da a kalle ta, ga shi mutum ɗari sun juyo suna kallonta.

"Kofi," ta ce.

Oddrun ta rugo da filas. Torlaug ta kurɓa, ta wanke maƙogwaro, ta rufe ido. Ta ja numfashi tun daga tafin ƙafa.

Sannan ta saki kiran ɓata.

Ya tashi siriri, ya hau, ya ƙara hawa, ya bugi bangon da ke tsallake ya dawo, ya shiga lunguna ɗaya bayan ɗaya. Tattabaru suka tashi gaba ɗaya har rana ta yi duhu. A nan ne mai tumbi ya yi asarar askirim. Masu sayar da tarkace suka daskare, mai laima ja ta sauke laimarta, jariran da ke kuka suka yi shiru don sun ga an fi su. Kiran ya kai ƙololuwa ya tsaya cak. Filin da tun da aka gina shi bai taɓa yin shiru ba ya yi tsit, ba ka jin komai sai zubar ruwa.

Ɗan sandan ya taho da usur a baki. Oddrun ta tare shi da ƙirji. "Kai, yaro, tsaya nan!" Bai san harshenmu ba, amma yana da uwa. Ya tsaya.

Babu amsa.

Torlaug ta sake ja, ta sake saki, wannan ya fi na farko tsawo. Da ya ƙare ta karkata kai, ta buɗe baki kaɗan, yadda ake saurare a kan dutse.

Can daga nesa, ta bayan gine-gine, ta hannun hagu, wata 'yar murya ta taso. Tana rawa, ta tsufa, numfashinta gajere. Amma ta gangaro a hankali, kuma a ƙarshenta ga 'yar lanƙwasar nan.

Kwantar da hankalinki, tana wajena.

Oddrun ta fashe da kuka. Torlaug ta sauko daga matakala kamar gwiwoyin aro ne, ta nuna lungun hagu. Ɗan sandan ya gane, ya shiga gaba yana busa usur yana watsa mutane. A kowace mararraba Torlaug ta tsaya ta kira, amsa ta zo, su juya. Jama'a kuwa suka biyo baya, wayoyi a sama. Masu cin abinci a bakin titi suka miƙe da cokula a hannu, matan sama suka buɗe tagogi, wani mai aski ya fito da wanda yake wa aski, rabin fuska kumfa. Oddrun ta ce ba ta taɓa ganin gangami irinsa ba, ni kuma na ce ai ko sarakunan da suka gina birnin ba su taɓa shigowa da rakiya haka ba.

A wani ɗan fili mai inuwa suka same ta. Tana tsaye kusa da wani dokin keken yawo, ta cika hularta da ruwan famfo tana ba shi, tana yi wa mai dokin faɗa da harshenmu cewa dabbar ta rame, ana ganin haƙarƙarinta, ko kunya ba ya ji. Mutumin yana ta gyaɗa kai, ya riƙe mata laima. Da ta ga taron ta ɗago, ta dubi wadda ke gaba.

"Torlaug," ta ce. "Muryarki ta yi tsatsa."

Ba Ragna ta ce ba.

Torlaug ta tsaya. Wannan karon haɓarta ba ta ɗagu ba.

"Ga ta nan, ai na ce miki tana wajena," in ji Borghild, tana shafa wuyan dokin. "Amma wannan ba taku ba ce. Taku ba ta kai haka muni ba."

Jama'a ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma suka ɓarke da tafi. Mai dokin ya sumbaci Oddrun a kumatu biyu, har yau ba ta gama ba da labarin ba. Torlaug kuwa ta miƙa hannu, a gaban duniya, ta kama na Borghild. Ba ranar aure ba, ba gadon mutuwa ba. Haka suka koma tafkin, ɗan sanda na buɗe musu hanya har bakin ruwa, Borghild ta jefa kwabonta, ta daɗe tana kallon dawakin, ta ce na gwangwani sun fi tsabta. Hannun nan bai rabu ba har suka hau jirgi. An ce ko a wajen bincike sai da aka wuce da su tare kamar kaya ɗaya.

Sun yi shawara a hanya ba za su ɓoye wa Steinar ba. Ashe ma ba su da zaɓi. Hoton bidiyon ya riga su, duk kwarin ya gani, har waɗanda ba su da waya. Suka same shi a tashar mota yana jira, fuska a ɗaure. Torlaug ta sauko ta tsaya gabansa.

"Ta ɓace," ta ce. "Laifina ne."

"Na gani." Ya dubi ƙasa, ya shuri wani ɗan dutse. "Na gani ya fi a ƙirga. Rabon da in ji muryar nan ta Mama tun ina bin ta da bokitin madara." Ya share hanci da bayan hannu. "In kin kira daga gidanki, za ta ji daga nata?"

Torlaug ta dube shi kamar ya tambaye ta ko ruwa na jiƙa mutum.

Ɗakin gari dai an ba wani. Ba na cewa har abada, Borghild tana nan tana sa tabarau a firji, wata ran ma sunan Ragna yakan dawo. Amma yanzu kowace safiya Torlaug takan fito bakin ƙofarta ta aika kira tsallaken kogi, amsa ta gangaro da 'yar lanƙwasarta, Steinar ya ji daga kan tarakta ya san uwarsa ta tashi lafiya. In ta fita yawo ta daɗe, ba a neman mota, Torlaug ake nema. Duk kwarin ya daina saita agogo. Ni da gidana ke tsakaninsu, rabona da barcin safe tun dawowarsu, kajina ma sun fara yin ƙwai a tsorace.

Ranar Lahadin da ta wuce na same ta a wajen shan kofi bayan coci, tana yanka cuku, mutane cike. Na ja kujera na zauna kusa, na bar filin saniya.

"Jiniyar Rum!" na ce. "An ce gunkin nan har yanzu yana jinyar kunne. Ashe duk shekarun nan tara mana kike yi? Don Allah ɗan taɓa mana kaɗan mu ji, ko ni ma in ɓuya a bayan coci ki kira ni?"

Ta gama yanka cukunta, ta ɗora a burodi, ta gyara shi ya zauna daidai. Sannan ta ɗago.

"Torgrim, wanda ake so ya dawo ake kira. Kai je ka Rum ka ɓata, ka ji irin shirun da zan yi."